Ranar da Gwaggo Ta Ƙirga da Ni

Gwaggo ta rasu ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar cirar albasa, kafin la'asar mun kai ta makwancinta. Rabin waɗanda suka yi mata sallah daga fadama suka taho da laka a ƙafa, wasu ko injin ban ruwa ba su tsaya kashewa ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a ƙauyen nan na gefen Goronyo inda ta yi zaman aure shekara arba'in da ɗoriya, muka zauna karɓar gaisuwa.

Duk wanda ya zo sai ya durƙusa gaban ƙannena maza biyu ya ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan Inna, shi kai haske kabarinta." In ya juyo kaina sai ya sauya: "Malam, ashe an rasa gwaggo. Allah shi ba da haƙuri." Ni kuma in ce amin, in yi godiya. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Haka aka saba faɗa mini tun ina yaro, ni ma haka na saba amsawa.

A bayan rumfa, inda dillalan albasa suka taru, ba addu'a kaɗai ake yi ba. Na ji wani yana ce wa na kusa da shi, "Irin ciwon da yak kashe yayanta na hwa. Cikin jininsu shike." A cikin gida kuma aka ce wata maƙwabciya ta ƙi shan ruwan randar Gwaggo, wai kar ta ɗauka, matar da ta shekara ashirin tana cin tuwon gidan nan ba ta taɓa tsoron ɗaukar ƙiba ba. Kawu, ƙanen Gwaggo da ya zo daga Wurno, ya zauna can gefe da tasbaharsa, duk wunin bai yarda mun haɗa ido ba.

Sai da na shiga gaida mata ne wata tsohuwa, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata, ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Ta ce, "Kai ad da wagga gaisuwa, ko an hwaɗi ko ba a hwaɗi ba." A nan hawayen da nake dannewa tun safe suka ƙwace mini.

Ina kukan nan, a aljihun rigata akwai wata takardar asibiti da ta yi laushi saboda yawan ninki. Takardar kira ce, in je in ba da jini a duba ko na gaji abin da ya jawo ciwon da ya kashe Gwaggo. Wata bakwai ina yawo da ita. Gwaggo ta rasu tana jiran in ba da jinin, ban bayar ba. Don haka nake wannan rubutu, kar a manta da ita, kar kuma ni in manta da abin da ta yi don takardar nan ta zo hannuna.

Ni ne ɗanta na fari. A gidajenmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta shiga maganarsa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Gwaggo kuwa 'yar gidan malamai ce a Wurno, ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa. Ana yaye ni aka kai ni Rabah gidan wan mahaifina, wanda a lokacin bai samu haihuwa ba. Shi na tashi ina kira Baba, matarsa Inna. Mahaifina ya zama Baffa, ita kuma Gwaggo. Ba a ɓoye mini kome ba, tun kafin in shiga makaranta na san cikin da na fito. Faɗa ne kawai ba a yi.

Shekara arba'in da shida ban ji sunana a bakinta ba. In ta kama dole, "mutumin Rabah" take cewa, ko da ina zaune a gabanta. "A tambayi mutumin Rabah in ya ci abinci." Sai ƙanwata ta juyo ta tambaye ni, in amsa, ta juya ta gaya mata, kamar ba yare ɗaya muke ji ba.

Ina shekara bakwai baƙon dauro ya kwantar da ni, har an fara fid da rai. Kwana biyu da aika labari sai ga Gwaggo a Rabah da goyo a bayanta, wai ta zo sayen turmi a kasuwar Gandi. Kasuwar kuwa saura kwana huɗu ta ci. Ta zauna a tsakar gida, ta juya wa ɗakin da nake ciki baya, tana taya Inna tankaɗe. Ba ta leƙo ba ko sau ɗaya. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa duk tarin da na yi sai hannun Gwaggo ya tsaya cak a kan rariya. Ranar da na nemi kunu da bakina ta gyara goyonta ta ce za ta koma. Baba ya ce, "To ina turmin?" Ta ce, "Na Gandi ba su da zurhi." Ko hanyar Gandi ba ta kalla ba.

Da aka gama dam ɗin Goronyo ruwa ya zauna, noman rani ya buɗe, Baffa ya shiga albasa da shinkafa, ita kuma ta kama sana'ar gumi, wato turara shinkafa a casa a sayar. Duk kaka sai buhun shinkafa ya iso Rabah, wai na Inna ne, alhali duk dangi sun san Inna tuwon gero take so, ni ne mayen shinkafa. Ita ce kuma mai kula da rudun da ke bayan gida, rumfar karan da ake shanya albasa a ajiye har ta yi daraja. Duk bayan kwana uku sai ta shiga tana latsa wuyan albasa da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi laushi ta fitar. In 'ya'yanta suka yi ƙyuyar taya ta sai ta ce, "Albasa daga ciki taka hwara ruɓa. Wanda yaƙ ƙi leƙa rudu don tsoron wari, shi ka kwasar ruɓa da buhu." Mun ji wannan magana har ta gundure mu.

Da na yi aure na samu 'yar fari, na yi abin da aka yi mini: ana yaye ta na miƙa wa Gwaggo. Ni ma ba na kiran sunanta, "ta Goronyo" nake cewa. Jika kuwa ba a jin kunyarta, sai duk son da Gwaggo ta ƙulle shekara da shekaru ya sami ƙofa. "Ƙawata" take kiranta. Kwano ɗaya suke ci, su yi faɗa a kan ƙashin kifi, su shirya kafin a wanke hannu. Wani lokaci ina zaune sai Gwaggo ta tallabo haɓar yarinyar ta ce, "Wanga goshi, kamar na wasu mutane." Ni sai in sunkuyar da kai ina duban takalmina, raina fari ƙal. Yanzu ta Goronyo shekararta ashirin da uku, har da goyonta.

Ciwon ya fara da abin da kowa ke kira basir. Ta shekara tana shan jiƙe-jiƙe ba ta gaya wa kowa tana ganin jini ba. Kafin ta yarda a kai ta asibiti sai da zanenta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Baffa ya riga ya rasu, ni ne kuma ɗan bokon gidan tunda ina koyarwa a firamare, sai rakiya ta faɗo kaina. A babban asibiti a Sakkwato aka ce ciwon daji ne a hanji. Aka yi mata aiki aka yanke inda za a iya yankewa, aka kuma gaya mini a gefe cewa ya riga ya yi nisa. Likitan da ya yi aikin ya ji tana cewa yayanta ma haka ya rame kafin ya rasu, sai ya tura mu wurin wata likita da ke duba cututtukan da ke bin dangi.

Ɗakinta ba gado, ba allura a fili, tebur ne da kujeru da farar takarda. Mace ce da ba ta kai ni shekaru ba, Hausarta irin ta gabas. Ta ce, "Mama, aikina shi ne in zauna da mutane mu yi magana kafin a taɓa jinin kowa, don abin da mutum ya riga ya sani ba ya iya mayar da shi." Ta fara zane: namiji ɗan akwati, mace da'ira, wanda ya rasu a ja masa layi a karkace. Ta ce a faɗa mata kowa da abin da ya kashe shi, da shekarunsa.

Mu ba ma tambayar abin da ya kashe mutum. Kwana ya ƙare, shi ke nan. Na ɗauka Gwaggo za ta ce haka, sai na ji tana zubo su kamar ta daɗe tana jiran mai tambaya. Innarsu, ciwon ciki, tun Kawu bai yi kaciya ba. Yayansu, basir aka ce, shekarar da aka fara ginin dam, ko furfura bai fara ba. Ƙanwarsu, jini ya ɓalle mata ya ƙi tsayawa, bayan ruwan dam ya cika da shekara uku. Likita tana ja musu layi ɗaya bayan ɗaya har gefen takardar ya cika da karkatattun layuka.

Ta ajiye biro ta yi mana bayani. Ta ce akwai wata matsala da ake gado a cikin ƙwayar halitta, wadda ke sa ciwon dajin hanji ya zo da wuri, ga mata har da na mahaifa. Ta ce ba kamar sikila ba ce da sai uwa da uba sun haɗu, wannan kam ɗaya daga cikinsu ya isa. Duk ɗan da mai ita ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira, kuma kowane ɗa da nasa rabon, na wani ba ya rage na wani. Ta ce za a fara duba jinin Gwaggo, in an samu sannan a kira 'ya'yanta.

"Mama, 'ya'yanki nawa?"

"Huɗu," in ji Gwaggo, yadda ta saba faɗa duk rayuwarta.

Likita ta zana huɗu a ƙarƙashin da'irarta, sannan ta dube ni. "Malam fa, yaya kuke?"

Na ce, "Ɗan wan mijinta ne ni." Wannan kam abin da na saba faɗa ne, bakina ya riga ni.

"To kai ba ka ciki, tunda ba jininta ba ne." Ta sake juyawa ga Gwaggo. "Akwai wanda aka ba wani riƙo, ba a ƙirga ba? Na san ana yi."

Na yi caraf na ce, "Babu."

Wannan kuwa ba don na saba ba ne. Tsoro ne, kuma na san abin da nake yi. Na ga layukan nan, na ji rabi da rabi, na ga ƙofa a buɗe na bi. Na kuma san Gwaggo ba za ta iya ƙaryata ni ba sai ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba. Na ɗauki kunyarta na yi garkuwa da ita. Ta kafa wa siminti ido. Daga Sakkwato har Goronyo magana ɗaya ta yi a mota, ta ce rana ta yi zafi.

Aka aika jininta can nesa, muka yi wata uku muna jira. Allah ya yafe mini, a watannin nan barcina nake yi lafiya lau. In abin ya taso mini sai in ce ai takardar likita ma ta ce ba na ciki.

Ranar da muka koma, likita ta ce an samu abin a jininta. Ta sake bayani a hankali, sannan ta jawo ambulan biyar, huɗu na 'ya'ya, ɗaya na Kawu, kowa ya zo da kansa a zauna da shi in yana so. Gwaggo ta karɓa ta jera su a cinya, ta bi su tana latsawa da babban yatsa.

Ta ce, "Saura guda."

"Mama, huɗu kika ce, da ƙanenki biyar."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta juya wajen bango. Ta ce, "Wanga da kika gani zamne, ba ɗan wan mijina ba na. Ɗana na. Ni nih haihe shi, shi aɗ ɗan hwari. Ɗiyatai ta hwari ma ga hannuna take. Ki rubuta shi."

Sai ta faɗi sunana. Cikakke, yadda aka raɗa shi ranar suna.

Shekara arba'in da shida ina son jin wannan. Ina yaro na sha kwanciya ina ƙiyasta yadda zai fito a bakinta. Ga shi ya fito, a ɗakin asibiti, don a sa ni cikin layin masu jiran ciwo. Daɗi da tsoro da kunya suka haɗu, na kasa ɗaga kai. Likita ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Na gode, Mama, na san ba ƙaramin abu kika yi ba." Bironta na farko ba ya kusa, ta ɗauki wani mai launin kore, ta ja layi daga da'irar Gwaggo ta zana ɗan akwati a gaban huɗun nan. Ta rubuta takarda ta shida ta miƙo mini.

Muna fita, Gwaggo ta dubi wata mata da ke zaune a benci, wadda ba mu taɓa gani ba, ta ce, "Baiwar Allah, ce ma mutumin Rabah shi nemo muna mota." Ba ta ƙara faɗin sunana ba har ta koma ga Allah.

Bayan mako guda Kawu ya zo Goronyo da ambulan ɗinsa a hannu ko buɗewa bai yi ba. Ina wurin. Ya ce, "Yaya, mi kinka jawo muna? Gidan da anka sani da karatu, yanzu a san shi da ciwo? Wa za shi nemi ɗiyanmu? Ki bar kaza cikin gashinta. Kowa da kwananai, likita ba shi ƙara ko guda."

Gwaggo tana jingine da bango don zama ya fara yi mata wuya. Ta ce, "In anka yi shela za a saki ruwan dam, kai ka hwara aikowa a ɗauke injinka daga hwadama. Mi as sa ba ka barin shi ga ƙaddara?"

Sai Kawu ya koma wata hanya. "Har an ce kin buɗe baki gaban baƙuwa kin kira sunan da ba a kira. Innarmu da tana raye, da kunya ta kashe ta."

"Da tana raye," in ji Gwaggo. "Kai ko kamanninta ba ka iya tunawa."

Ya tura ambulan ƙarƙashin tabarmarta ya tashi. Ba su sake magana ba, kuma na san abin ya ci ta, don shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu.

Babbar ƙanwata ce ta fara zuwa. Aka samu tana ɗauke da abin, aka zura mata siririn bututu mai kyamara aka leƙa hanjinta, aka ga wani ɗan tsiro aka cire shi tun bai zama kome ba. Tana nan garau, tana komawa ana dubawa. Ƙanena ɗaya ya je aka ce bai ɗauka ba, ya yi sadakar waina. Sauran biyun suna ta "sai an gama albasa", "sai bayan salla". Ban isa in yi musu faɗa ba.

Ni ma na je sau ɗaya. Likita ta zaunar da ni kusan awa guda ba ta ko taɓa allura ba. Ta ce in jinin ya fito babu, ni da 'ya'yana duk mun fita daga wannan layi. In akwai, ba hukuncin kisa ba ne, wasu ma har su tsufa ciwon bai zo ba, amma sai a riƙa leƙa hanjin duk shekara ɗaya ko biyu, kuma 'ya'yana kowanne zai shiga rabi da rabi. Ƙanana ba a taɓa su sai sun girma sun zaɓa da kansu. Ta tambaye ni wa zan fara gaya wa in labarin bai yi daɗi ba, ko matata ta san na zo. Na ce ba ta sani ba.

Na ce, "To ita babbar, ta Goronyo, ba sai a gwada ta ita kaɗai ba?"

Ta ce, "Tana da iko, ta girma. Amma in aka samu a jininta, an samu a naka ke nan, ko ka so ji ko ba ka so ba."

"Likita, ke ki zaɓa mini."

"Ba zan zaɓa maka ba, Malam. In ka ce ba ka son sani, haƙƙinka ne. Je ka yi mako biyu ka yi tunani, ka yi shawara da iyalinka, ka dawo."

Da ma ta daka mini tsawa ta ce miƙo hannu, da na miƙa. Ko hujjar kuɗi ba ni da ita, don wani shiri ne na asibitin ya ɗauki nauyin gwajin. Mako biyu ya zama wata bakwai. In na ce zan je, sai in hango kaina ina shiga gida in dubi 'ya'ya biyar in ce ga abin da na raba muku. In na ce na fasa, sai cikina ya yi ƙugi in ce shi ke nan, ya zo. Na daina cin yaji. Na koma mai tsayawa leƙen bayan gida kamar wanda ya yar da zobe. Wata rana ina koya wa 'yan aji huɗu lissafi, na rubuta ɗaya bisa biyu a allo, sai hannuna ya tsaya, yara suna ta kallona. Ta Goronyo kuma ta san kome, tunda ita ke jinyar Gwaggo, amma ba za ta riga ubanta zuwa ba, ba kuma za ta iya tambayata ba. Na tsaya a bakin ƙofa, ban shiga ba, ban ba ta hanya ba.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwar, na je da rana na same su a ɗaki, Gwaggo da ta Goronyo. Gwaggo ta zama ƙashi da fata, ƙamshin albasar da ake shigowa da ita rudu ya cika gidan. Na gaishe ta daga bakin ƙofa yadda na saba. Ta buɗe ido ta dubi jikarta.

"Ƙawata, tambayi mutumin Rabah, ya leƙa rudu?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, don ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye. Mu uku a ɗaki ɗaya, uwa da ɗa da jika, babu mai iya duban na kusa da shi ya faɗi abin da ke ransa. Na dubi bango na ce, "A ce mata za a leƙa."

"A ce mai," in ji Gwaggo, "ni na yi nawa."

Ta mayar da idonta ta rufe. Maganar ƙarshe ke nan da ta aiko mini.

Washegarin sadakar bakwai na zaunar da matata na gaya mata kome. Ta yi kuka, ta yi mini faɗan wata bakwai a zama ɗaya, sannan ta tashi ta goge mini riga. Tare muka tafi Sakkwato.

Likita ta yi mini gaisuwa, kuma ita kaɗai ce cikin duk masu gaisuwa ta ce, "Ya haƙurin rashin Mama?" ba ta sauya ba. Ta jawo fayil ta buɗe takardar nan. Ga da'irar Gwaggo, ga 'ya'ya huɗu da baƙin biro, ga ni a gabansu da kore. A gabana ta ja wa da'irar karkataccen layi. Ta sake bi da ni ta kan duk abin da ta faɗa a baya, ta tambayi matata ko tana da tambaya, sannan ta ce, "Malam, yau ƙarƙashinka za mu zana. 'Ya'yanka nawa?"

Huɗu ta zo har bakin leɓena. Na ji ta, na haɗiye.

Na ce, "Biyar. Ta farin tana Goronyo." Na faɗi sunanta. Ya yi mini nauyi a harshe kamar ba ni na raɗa shi ba, matata har sai da ta juyo ta dube ni. A lokacin na san nauyin abin da Gwaggo ta ɗaga da ciwo a cikinta, fuskarta a bango. Na naɗe hannun riga na miƙa.

Har yanzu da nake rubutun nan sakamako bai dawo ba. An ce sai an yi makonni. Ba zan ce tsoro ya sake ni ba, kullum wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Kawu bai buɗe tasa ba, ƙannena biyu suna nan suna jiran a gama albasa. Amma kafin in bar asibitin na roƙi likita ta sa aka yi mini kwafin takardar zanen, na cire ta kiran daga aljihu na sa wannan a madadinta. Takardar haihuwata da ta makaranta da ta aiki duk gidan Rabah suka sani. Wannan ce kaɗai a duniya da aka ja layi daga ita zuwa ni, kuma da bakinta ta sa aka ja.

Allah ka dubi matar da ta riƙe kunya shekara arba'in da shida, ta ajiye ta rana ɗaya saboda ni, ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka ba ta inuwar da ba ta gushewa. Allah ka jiƙan mahaifiyata.